Tazarar Ƙafa 1,000: Yadda Biranen Amurka Ke Hana Shagon Wiwi na Majinyata Ba Tare da Sun Ce Sun Hana Ba

A shekarar 1996 masu zaɓe a jihar Kalifoniya suka amince da ƙuduri mai lamba 215, wanda ya bai wa majinyaci damar amfani da tabar wiwi idan likita ya ga dacewar haka. Yanzu jihohin Amurka kusan 40 ne ke da irin wannan doka. Sai dai dokar jiha ba ta isa bakin titi sai ta biyo ta hannun majalisar birni, domin a can birni ko gunduma ke yanke inda za a gina gidajen zama, inda za a kafa masana'anta, da inda za a buɗe shago. Ikon nan tsoho ne, tun 1926 Kotun Ƙolin ƙasar ta tabbatar da shi a shari'ar ƙauyen Euclid na jihar Ohayo. Ke nan mai ciwon daji da jiha ta ba katin izinin sayen wiwi, kansiloli bakwai ko tara ne za su yanke ko zai sami abin da yake nema a garinsu, ko kuwa sai ya yi tafiyar awa biyu a mota.

A Najeriya da Nijar doka ta haramta wiwi baki ɗaya, don haka wannan tambaya ba ta taso ba. Magana ce ta inda jiha ta riga ta yanke hukunci, ya rage a san inda shagon zai zauna. A nan kuwa ra'ayina bai da rufa-rufa. Birni yana da haƙƙin tsara wurin da shagon zai kasance da yadda zai gudanar da aikinsa. Abin da bai dace ba shi ne a rubuta doka mai cewa an yarda, sannan a jero mata sharuɗɗan da suka cinye garin kaf. Majalisar da ba ta so, ta fito fili ta ce ba ta so, jama'a su san wanda za su tuhuma ranar zaɓe. Wadda ta ce ta yarda kuwa, dole ta iya nuna filaye na gaske a taswira, waɗanda mutum zai iya kama haya a cikinsu.

Makamin da aka fi amfani da shi shi ne tazara. Sai a ce kada shago ya kusanci makaranta da ƙasa da ƙafa kaza. A kunne abin ba ya da nauyi, amma a ƙasa lissafinsa daban ne. Ƙafa 500 kimanin mita 152 ce, da'irar da za ta zana kuwa ta kai hekta 7 da ɗoriya. Ƙafa 600, wato mita 183, tana cin hekta 10 da rabi. Ƙafa 1,000, wato mita 305, tana cin hekta 29, kwatankwacin filin ƙwallo 40. Duk wanda ya ninka tazara sau biyu, to ya ninka filin da aka haramta sau huɗu. Kansilan da ya ɗaga hannu ya ce a mai da 500 ta zama 1,000 don a ƙara kiyayewa, sau da yawa bai san girman abin da ya nema ba.

Wannan ma idan daga ɗigo ɗaya aka auna ke nan. Makaranta ba ɗigo ba ce, tana da harabarta da filin wasanta. A ɗauki makaranta mai fili mita 200 tsawo, mita 200 faɗi. Idan daga katangarta za a fara awon ƙafa 1,000 ta kowace fuska, abin da za a toshe, har da filin makarantar kansa, ya haura hekta 57. Yanzu a ƙara gidajen rainon yara, wuraren shaƙatawa, ɗakunan karatu, majami'u da masallatai, cibiyoyin gyaran hali na masu shaye-shaye, da unguwannin zama, kowanne da tasa da'irar. A kuma ce tsakanin shago da shago ma sai an bar ƙafa 1,000. A gari mai cunkoso, abin da zai saura ɗan zirin fili ne a bayan tashar jirgin ƙasa, ko gefen wurin zubar da shara. Dokar ba ta ce an hana ba, amma an hana.

Yadda ake awon ma ba ƙaramar magana ba ce, kuma a nan ne shari'u da yawa ke tasowa. Dokar Kalifoniya da ta fara aiki a 2011 ta sa ƙafa 600 daga makaranta, kuma ta fayyace cewa a miƙe ake aunawa, daga iyakar filin makaranta zuwa iyakar filin shago mafi kusa, ba ruwan awon da gine-ginen da ke tsakani. Dokar Okalahoma ta 2018 da farko daga ƙofar shiga makaranta ta ce a auna ƙafa 1,000, daga baya aka mai da awon zuwa iyakar fili. Bambancin yana da girma. Shagon da ke cikin babbar cibiyar kasuwanci zai iya kasancewa ƙafa 1,200 daga makaranta idan daga ƙofarsa aka auna, amma ya faɗi idan daga kusurwar wurin ajiye motoci na cibiyar aka fara. Haka kuma awo a miƙe yakan haramta shagon da babbar hanya mai layi takwas ko kogi ya raba shi da makaranta, inda babu yaron da zai iya tsallakawa da ƙafa. Dokar da ba ta faɗi daga ina zuwa ina ake aunawa ba, ta bar wa ma'aikacin ofishin tsara gari ya zaɓi abin da ya ga dama, kuma mutum biyu masu buƙata iri ɗaya za su iya fitowa da amsa daban.

Daga ina ma aka samo ƙafa 1,000 ɗin? Ba daga wani bincike kan lafiyar yara ba. Dokar tarayya ta 1970 ta sanya wiwi a rukuni na farko, wato mafi tsanani, na haramtattun ƙwayoyi, kuma wani sashe da aka ƙara daga baya ya ninka hukuncin wanda ya sayar da ƙwaya a cikin ƙafa 1,000 daga makaranta. An yi sashen ne don dillalan kan titi, birane suka ara. Kuma aron yana da dalili. A watan Janairun 2012 babban mai gabatar da ƙara na tarayya a Kolorado, John Walsh, ya aika wa shaguna 23 da ke cikin wannan tazara wasiƙa, ya ba su kwana 45 su rufe ko su tashi. Kafin nan, a Oktoban 2011, takwarorinsa na Kalifoniya sun yi wa masu ba da hayar gine-gine barazanar ƙwace musu kadara. Don haka a wancan lokaci birnin da ya nisanta shago daga makaranta yana kare mai shagon ne ma daga gwamnatin tarayya. Tazara daga makarantar firamare da sakandare tana da hujja, kuma ban ga laifinta ba. Abin da ba shi da hujja shi ne a ɗauki wannan adadi a manna shi a kan kowane gini da wani ya ambata a zauren taro.

Idan aka tambayi inda ragowar filayen suke faɗawa, amsar ba ta canzawa sosai. Masu bincike biyu, Jeremy Németh da Eric Ross, sun ɗora irin waɗannan ƙa'idoji a kan taswirar birnin Denba a wani nazari da aka buga a 2014, suka ga filayen da suka cancanta sun fi taruwa a unguwannin marasa ƙarfi. Ba abin mamaki ba ne. Unguwar masu hali ita ke da wuraren shaƙatawa da yawa, ita ke da faffaɗan yanki da aka keɓe don gidajen zama kaɗai, kuma mazaunanta ne ke da lokacin zuwa taron majalisa da ƙarfe bakwai na yamma, wani ma da lauyansa. Unguwar talakawa ita ce ke maƙwabtaka da masana'antu da rumbunan ajiye kaya. Sai a wayi gari shaguna shida sun jeru a titi ɗaya a can, sauran garin babu ko ɗaya. Daga nan a ɗauki hoton wannan titi a nuna wa duniya a ce ga abin da shagunan wiwi ke jawowa, alhali dokar ce ta tara su.

Tura su cikin unguwar masana'antu yana da wata illar kuma. Wanda ke zuwa irin wannan shago ai ba lafiyayye ba ne a asalin manufar dokar: mai fama da amai bayan an yi masa maganin ciwon daji, mai ciwon jijiya da ba ya jin magani, mai zama a keken guragu. Unguwar masana'antu ba ta da bas mai zuwa a kai a kai, ba ta da hanyar masu tafiya a ƙafa, fitilun titi kaɗan ne, kuma da ƙarfe shida ta yi babu kowa. A irin wannan wuri ne aka ajiye shago mai tara tsabar kuɗi. Yawancin bankuna sun daɗe suna gudun wannan sana'a saboda dokar tarayya, manyan kamfanonin katin biyan kuɗi ma ba sa karɓarta, don haka ciniki da yawa hannu da hannu ake yin sa. Ɗan fashi ba zai nemi abin da ya fi wannan ba.

Batun laifuka shi ne abin da aka fi ɗaga murya a kai, kuma binciken da aka yi bai tsaya a gefe ɗaya ba. Wani nazari a birnin Sacramento da aka buga a 2012 bai ga alaƙa tsakanin yawan shaguna da yawan laifi ba. Wasu nazarce-nazarcen daga baya sun ga ƙaruwar sata a unguwannin da ke maƙwabtaka da inda shagunan suke. Wanda ya fi jan hankali shi ne na Tom Chang da Mireille Jacobson na 2017. A watan Yunin 2010 birnin Los Anjalas ya umarci shaguna 439 su rufe, sai suka kwatanta wuraren da aka rufe da waɗanda aka bari. Laifi ya ƙaru ne a kusa da waɗanda aka rufe, musamman fasa motoci da ƙananan sace-sace. Da suka duba gidajen abinci da jami'an lafiya suka rufe na ɗan lokaci, sai suka ga abu makamancin haka. Ma'ana ba wiwi ce ke korar ɓarawo ba, idon jama'a ne. Shago a buɗe, mai gadi a ƙofa, mutane suna shiga suna fita, ya fi kango tsaro. Wannan hujja ce ta a ajiye shagon a titin kasuwanci mai rai.

Los Anjalas ɗin ita ce misalin abin da ke faruwa idan majalisa ta ƙi yanke shawara. A 2007 ta dakatar da buɗe sababbin shaguna, kimanin 186 suka yi rajista a matsayin waɗanda suke nan tun da. Amma an bar wata kafa a dokar: wanda ya ce dakatarwar za ta jefa shi cikin ƙunci zai iya neman a ɗage masa. Ɗaruruwan mutane suka cika takardar, suka buɗe shago suna jiran amsa, majalisa kuwa ta ɗauki kusan shekara biyu ba ta duba takardun ba. Dokar da aka yi don tsayar da abu ita ta haifar da ɗaruruwan shaguna marasa lasisi. A 2010 aka yi sabuwar doka, aka shiga kotu. A Yulin 2012 majalisa ta hana gaba ɗaya, masu adawa suka tara sa hannu don tilasta ƙuri'ar raba gardama, a Oktoba majalisar ta janye. Sai a Mayun 2013 masu zaɓe suka amince da tsarin da ya bar kimanin shaguna 135. Shekara shida ana kai-komo. A gwada da Oakland, ita ma a Kalifoniya, wadda tun 2004 ta ce shaguna huɗu za ta ba lasisi, ta sa musu ƙa'idoji, a 2009 kuma masu zaɓenta suka ɗora musu haraji na musamman. Huɗu sun yi kaɗan ga gari irin wannan, daga baya ma an ƙara, amma kowa ya san matsayinsa.

Jihohi sun bi hanyoyi daban-daban wajen auna ikon da za su bar wa birane. A Mayun 2013 Kotun Ƙolin Kalifoniya, a shari'ar birnin Riverside, ta yanke baki ɗaya cewa birni na iya hana shagunan ƙememe. Har bayan an halatta wiwi ga manya a jihar a 2016, fiye da rabin birane da gundumomin jihar ba su yarda da shagon sayarwa ba. A Masacuset kuwa, a Maris na 2013, Antoni-janar Martha Coakley ta soke haramcin da garin Wakefield ya yi, tana mai cewa idan gari ɗaya zai iya hanawa to duka za su iya, dokar wiwin majinyata da masu zaɓen jihar suka amince da ita a 2012 ta zama banza. Ta dai yarda a dakatar na ɗan lokaci don a shirya ƙa'idoji. A ganina ita ta fi kusa da daidai.

Fulorida ta zo da wani salo a 2017. Ta ce wa birane su zaɓi ɗaya: ko su hana baki ɗaya, ko su ɗauki shagon kamar kantin magani, ba za su taƙaita yawansu ba, ba kuma za su sa musu ƙa'idar wuri da ta fi ta kemis tsanani ba, illa tazarar ƙafa 500 daga makaranta. Wannan ya toshe hanyar hani ta bayan gida, kuma na yaba masa a kan haka. Amma da yake babu tsaka-tsaki, garuruwa da dama da za su iya karɓar shago biyu ko uku sai suka zaɓi hanawa don tsoron kada su wayi gari da ashirin. Okalahoma ta faɗa ɗaya ramin. Dokarta ta 2018 ta hana birane sauya tsarin filaye don toshe shagunan, kuɗin lasisi dala 2,500 kacal, babu iyakar adadi. Jiha mai mutum miliyan 4 ta tashi da shaguna sama da 2,000, har a watan Agustan 2022 aka dakatar da ba da sababbin lasisi. Wanda ke cewa a saki abin kasuwa ta daidaita kanta, ya je ya dubi can.

Masu adawa da shagunan suna da wata hujja mai ƙarfi, kuma bai kamata a raina ta ba. Suna cewa sunan magani lulluɓi ne kawai. A Kalifoniya an yi lokacin da samun takardar likita bai fi ɗaukar minti kaɗan ba, a Okalahoma kuma kusan mutum ɗaya cikin goma ya mallaki katin majinyaci. Gaskiya ne. Kuma wiwi ba ruwan sha ba ce. Babban rahoton da cibiyoyin kimiyya na ƙasar suka fitar a 2017 ya sami hujja mai ƙarfi cewa tana taimakawa a ciwo mai daɗewa ga manya da amai bayan maganin ciwon daji, amma rahoton ya kuma danganta ta da haɗarin taɓin hankali ga masu yawan sha, da haɗarin mota. Sai dai likitan da ke raba takarda kan mai uwa da wabi, hukumar da ke ba likitoci lasisi ce za ta ladabtar da shi, kuma majalisar dokokin jiha ce za ta ƙara tsaurara sharuɗɗan samun kati. Dokar tsara filaye ba ta iya bambance mai ciwon gaske da mai ƙarya. Idan aka kai shago bayan gari, matashi lafiyayye mai mota zai je ya dawo, tsohuwa mai ciwon gaɓoɓi ce za ta kasa.

Hanin ma ba ya fitar da wiwi daga gari. Dokar Arizona ta 2010 ta yi wani tanadi da ya bayyana hakan ƙarara: majinyacin da ke zaune fiye da mil 25 daga shago mafi kusa an yarda ya shuka har tushe 12 a gidansa. Garin da ya kori shago ɗaya mai kyamara da rajista, zai iya samun gidaje masu yawa da ake noma a cikin ɗaki, da fitilu masu jan wuta da wayoyin da ba gwani ya haɗa ba. A wasu wuraren kuma majinyaci ya koma ga dillalin da ba ya tambayar kati, ba ya tambayar shekaru, kayansa kuma babu ɗakin gwajin da ya auna su.

Akwai wani haɗari da ba a cika ambata ba, wato wanda ke tasowa idan lasisi ya yi ƙaranci kuma sa hannun mutum ɗaya ne ke buɗe ƙofa. A Masacuset an yi lokacin da mai neman lasisin jiha sai ya kawo takarda daga hukumar gari mai nuna ba ta adawa da shi. A birnin Fall River, a wancan lokaci, magajin gari ne ke ba da wannan takarda. A 2021 kotun tarayya ta sami tsohon magajin garin, Jasiel Correia, da laifin tatsar kuɗi daga masu neman buɗe shagunan wiwi, aka yanke masa shekara shida. Duk tsarin da ya ce a kawo takardu majalisa za ta duba dacewa, ba tare da rubutattun ma'aunai ba, ya share fagen irin wannan. Ƙarancin fili ma yana da nasa cin amanar. Idan filaye goma sha biyu kaɗai suka cancanta a gari, masu su sukan ninka kuɗin haya, wanda ya ji ƙishin-ƙishin ɗin dokar kafin a fitar da ita kuma ya riga kowa saye.

To mene ne aikin da ya kamata majalisa ta yi? Kafin a kaɗa ƙuri'a a kan kowace tazara, ofishin tsara gari ya zana taswira. A fara da dukkan filayen da aka ware don kasuwanci. A cire da'irorin da ake son sanyawa, ɗaya bayan ɗaya, ana rubuta adadin filayen da suka rage bayan kowace. Sannan a cire waɗanda ba za su taɓa samuwa ba: filayen gwamnati, maƙabarta, hanyar jirgi, magudanar ruwa, da manyan cibiyoyin kasuwanci da yarjejeniyar hayarsu ta hana wannan sana'a. A tuna cewa mai ginin da banki ke bin sa bashin jingina sau da yawa ba zai iya ba da haya ba ko da yana so, saboda sharuɗɗan bashin. Abin da ya saura a ƙirga shi, a duba nawa ne ke kusa da tashar bas, a duba ko duk a kusurwa ɗaya suka taru. A yi wannan da ƙafa 500, da 600, da 1,000, a manna taswirorin uku a bango ranar sauraron jama'a. Kansilan da ya ga fili huɗu ne suka rage a garin gaba ɗaya, kuma ya ɗaga hannu, ya san abin da ya zaɓa.

Jerin wuraren da ake karewa ya zama gajere, kuma kowanne a fassara shi. Makarantar firamare da sakandare ba ta da gardama. Amma cibiyar matasa fa, ta haɗa da ɗakin koyon kokawa da ke saman shagon wanki? Gidan rainon yara ya haɗa da matar da ke kula da yara shida a falonta? Irin waɗannan suna buɗewa suna rufewa kowane wata, kuma ba a ganin su daga titi. A taƙaita ga waɗanda ke da lasisin jiha, kuma suke cikin rajistar da kowa zai iya dubawa. A kuma tsayar da ranar da ake yin awo. Dokar Kalifoniya ta yanzu tana duba makarantar da take nan a lokacin da aka ba da lasisi. Ya fi kyau ma a ce ranar da takardun mai nema suka cika, domin tsakanin nema da samu mutum ya riga ya biya hayar watanni ya zuba kuɗi a gyaran gini. Idan ba a rubuta haka ba, abokin hamayya zai iya kama ɗaki a kusa, ya rataya allon wurin ibada ko na rainon yara, ya rusa masa komai. Haka nan idan mutum biyu suka nemi wuri a cikin tazarar juna, dokar ta faɗi wanda ke gaba tun kafin rigimar ta taso, sannan a sa wa ofis wa'adin ba da amsa, kwana 90 alal misali, don kada a maimaita abin da ya faru a Los Anjalas.

Ƙarfin majalisa ya fi amfani a kan yadda shagon ke aiki, domin koke-koken maƙwabta kusan duk a nan suke. Lokacin buɗewa da rufewa: dokar Kalifoniya ta ba da daga ƙarfe 6 na safe zuwa 10 na dare, birni na iya ragewa. Zaure a bakin ƙofa inda ake duba kati da shaidar shekaru kafin a buɗe ƙofa ta biyu. Kyamarori a ƙofofi, da wurin biyan kuɗi, da wurin ajiye motoci, a kuma adana hotunan, a Kalifoniya kwana 90 ne mafi ƙaranci. Kaya da kuɗi su kwana a ɗakin ƙarfe. Fitila mai haske a waje, gilashin gaba kuma kada a toshe shi gaba ɗaya har mai wucewa ya kasa ganin ana fashi a ciki. Hana sha a harabar shago da cikin motocin da ke fake, da ɗora wa mai shago alhakin korar masu zaman kashe wando. Game da wari, shagon da ke sayar da kaya a rufe cikin leda ko kwalba ba ya kai gonar cikin gini wari ko kusa, kuma kuskure ne a haɗa su a ƙa'ida ɗaya. Matatar iska mai gawayi tana maganin abin, muddin ana sauya gawayin a kan lokaci, kuma iskar ɗakin ana zuƙo ta ciki ne ba tana tsiyaya waje ba. Sai lambar waya ta wani ma'aikaci da maƙwabci zai kira, da sabunta lasisi duk shekara bisa rubutaccen tarihin koke-koke. Shagon da ya saɓa sau uku a rufe shi. Wannan yana hukunta mai laifi, tazara kuwa tana hukunta kowa tun kafin ya yi komai.

Game da adadi, iyakar da aka ɗaura da yawan jama'a ta fi tazarar ƙafa 1,000 tsakanin shaguna gaskiya, kuma ta fi sauƙin karewa a kotu. Arizona ta ɗaura nata da kantunan magani, shago ɗaya ga kowane kemis goma. Birni zai iya cewa shago ɗaya ga kowane mutum dubu kaza, kuma kada mazaɓa ɗaya ta ɗauki fiye da biyu, don kada nauyin ya faɗa a kan unguwa guda.

Kalifoniya ta gyara wani ɓangare na abin da hukuncin Riverside ya bari. Wata doka da aka sa wa hannu a 2022, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2024, ta hana birane toshe kai wa majinyata kaya har gida. Ta rage wahala ga wanda ba ya iya fita. Amma mai kawo kaya yakan sa mafi ƙarancin abin da za a saya kafin ya taso, ga kuɗin kawowa, kuma ƙauyen da ke nesa da rumbunsa ba lallai ya shiga zagayensa ba. Majinyacin da ke farawa, wanda ke buƙatar ya zauna da wani ya bayyana masa bambancin abin da ake ɗigawa a ƙarƙashin harshe da wanda ake ci, da dalilin da ya sa na ci yakan ɗauki awa ɗaya ko biyu kafin ya fara aiki har mutum ya yi kuskuren ƙarawa, ba a bakin ƙofa da direba mai sauri zai sami wannan ba.